Kwalba Ta Goma Sha Bakwai

Ranar Litinin da safe na buɗe kabad ɗin ɗakin bincike da makullin da ke hannuna, sai na tarar an yi ɓarna. Ƙwayoyin maganin hawan jini ne farare tas, sun fi ɗari, an juye su wuri ɗaya a cikin wata robar wanke hannu. Kwalabe ashirin da biyu suna jere a gefe, kowacce da murfinta, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Ambulan ɗin da aka rufe su a ciki kuwa an yayyaga an cusa a lungu.

Ga wanda bai san aikinmu ba, zai ce ai ba a saci komai ba. Mu goma sha biyu Farfesa ta ɗauka ta ce za ta koya mana bincike, shida ɗaliban likitanci, shida ɗaliban harhaɗa magunguna, ta haɗa mu biyu-biyu. Abin da muke nema shi ne mu san ko dattawa masu hawan jini suna shan maganinsu yadda aka ce. Duk ƙarshen wata dattijo zai dawo da kwalbarsa, ɗalibin likita ya auna masa jini, ya karɓi kwalbar ya rufe a ambulan, ɗalibin magani ya ba shi sabuwa. Ba ma ƙirga ragowar a gabansu, don kada mutum ya ji kunya, wata mai zuwa ya zubar da nasa a hanya. Sai Litinin muke zama mu ƙirga ta kowa daban. Yanzu da aka cakuɗa su, ko aljani bai isa ya ce wannan ƙwayar ta wane ce ba. Kuma watan ƙarshe ne, wanda duk wahalar wata biyar ta dogara a kansa.

Makullan kabad ɗin biyu ne. Ɗaya yana jakar Farfesa, ɗaya yana wurina.

Kafin ƙarfe tara ɗakin ya cika. Dama can ba a rasa tsokana tsakaninmu, su suna ce mana masu shagon magani, mu muna ce musu masu rubutun da ko su ba sa iya karantawa. Ranar nan wasa ya ƙare. Kowa ya ja jikinsa gefe, ana ƙus-ƙus, in na ɗago ido a sunkuyar da kai. Na ji wani yana cewa wataƙila na fara ƙirga ne na rikice, shi ne na juye don in rufe. Ni da ban taɓa kuskuren ƙwaya ɗaya ba! Raina ya ɓaci ƙwarai.

Farfesa ta daɗe tana kallon robar. Ba mai faɗa ba ce, shi ya sa muka fi tsoronta.

"Ba na ce ke ba ce," in ji ta. "Amma dole in rubuta wa kwamiti, jibi za su zauna. Kafin nan ki ba ni makullin."

Na miƙa mata. Na san abin da jibi ke nufi. In aka tsayar da laifin a kaina, za a cire ni daga shirin, a aika wa sashenmu takarda, ga ni a shekarar ƙarshe.

*

A bencin baranda Baba Mai Sawu ya same ni ina sharar hawaye da gefen mayafi. Shi ne ma'aikacin da ke bin dattawan da suka daina zuwa. Ya ce a ƙuruciyarsa sawun dabbobin da aka sace yake bi, da ƙafa ta fara gajiya ya koma bin na marasa lafiya. Ka ba shi rabin kwatance, ka ce bayan injin niƙa ne, gida mai bishiya a ƙofa, kafin azahar zai dawo maka da mutum, har da dalilin da ya hana shi zuwa. Mu ɗalibai gaisuwa ce kawai ke haɗa mu da shi, kuma in faɗi gaskiya, ban taɓa ɗaukarsa cikin masu bincike ba.

"'Yata, kukan ya isa haka. Me aka ɗauka?"

"Ba a ɗauki komai ba, Baba. Zubarwa aka yi."

"To ba ɓarawo muke nema ba ke nan. Tashi mu je."

"Ina?"

"Wurin wadda ta fi kowa sanin ƙasan ɗakin nan."

Inna mai shara tana wanke tsumma a bakin famfo. Tun kafin mu buɗe baki ta hayayyaƙo mana, don maganar ta riga ta kai kunnenta cewa ita ma tana da makullin ɗaki.

"Shekara goma sha tara ina share wurin nan, ko biro ban taɓa ɗauka ba! Makullin ƙofa nake da shi, ba na kabad ba. In abu ya lalace sai a ce mai shara, in ya yi kyau kuma a ce Farfesa."

Baba ya bar ta ta sauke duka, yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Allah ya huci zuciyarki. Ni tambayata ɗaya ce. Ranar Asabar da kika yi shara, me tsintsiya ta kawo miki?"

Ta matse tsumman. "Ƙwaya ɗaya fara, a ƙarƙashin kabad. Na ɗora ta a kan taga, ku je ku duba, tana nan."

"Da wane lokaci?"

"Da sassafe, ko mai gadi bai canja ba."

Da muka bar wurin Baba ya ce, "Kin ji? Tun Juma'a aka yi ɓarnar. Yaushe makullin ya bar jikinki ranar Juma'a?"

Na buɗe baki zan ce bai taɓa bari ba, sai na tuna. Na kulle kabad ƙarfe biyu, ƙarfe uku muka shiga zauren taro wurin Farfesa. Zafi ake yi, na cire farar rigata na rataye a bayan ƙofar ɗakin bincike, makullin yana aljihu. Da aka tashi na ɗauki rigata na tafi gida, ban sake buɗe kabad ba.

"Wa da wa suka fita ana cikin taron?"

"Gimbiya!" na ce, har da buga ƙafa.

*

Gimbiya 'yar ajinmu ce, ta samo sunan ne saboda tafiyarta da motar da take zuwa da ita. Tun ranar da Farfesa ta ba ni makulli take min kallon hadarin kaji, ni ma ban raga mata ba. A zuciyata na riga na gama shari'a, har na fara tsara abin da zan faɗa mata a gaban kowa.

Muka same ta a ɗakin karatu. Baba ya gaishe ta kamar wata babbar ma'aikaciya, ya tambaye ta inda ta je.

"Mai gadi ne ya kira ni, wai na toshe wa motar asibiti hanya. Minti ashirin muna cacar baki da shi, ku je ku tambaye shi, na tabbata bai manta da ni ba." Ta juyo kaina. "Ke kuma, na san ni kike zargi. Ba ma shiri, gaskiya ne. Amma kwalabe huɗu a cikin nan nawa ne, wata biyar ina bin su. In zuba wa kaina ƙasa a ido don in ba ki haushi? Ba ki kai nan ba."

Mai gadi kuwa bai manta da ita ba, sai da Baba ya ba shi haƙuri kafin ya daina maimaita abin da ta ce masa. Na ji kunya sosai, na rasa inda zan sa fuskata.

"Saura wa?" in ji Baba.

"Sai Dogo, amma shi Farfesa ce ta aike shi ya ɗauko wayar na'urar haska bango. Kuma abokin aikina ne, Baba. Da safen nan ma shi ya kawo min ruwa."

Dogo ɗalibin likitanci ne, mai fara'a, dattawa suna son sa don yana durƙusawa ya gaishe su. Muka haɗu da shi a matakala. Baba ya tambaye shi minti nawa ya yi a waje, ya ce bai fi biyar ba, ya ƙara da cewa duk wanda ya yi wannan abu bai kyauta ba. Baba ya ce haka ne, ya wuce.

"Mutane sun gama faɗin nasu," ya ce min. "Mu je mu tambayi kwalaben."

*

Farfesa da kanta ta buɗe mana, ta tsaya ta harɗe hannu. Baba ya jera kwalaben a bakin taga inda rana ke shigowa. Ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe, ya karkata wajen haske, ya kai hanci. Ni har na fara ƙosawa, ina ganin ɓata lokaci ne, kwalba babu komai me za ta ce? Da ya zo kan wata sai ya tsaya. Ya ajiye ta gefe, ya ƙarasa sauran, ya dawo kanta.

"'Yata, ke ce mai karatun magani. Me kike gani a gindin waɗannan?"

"Farin gari. Ƙwayoyi in suna gogar juna suna barinsa."

"Wannan fa?"

Na leƙa. Babu gari ko kaɗan, cikinta sai sheƙi yake yi, ga wani ɗan guntun jan zare ya manne a gefe. Na shaƙa, na ji wari kamar na mai.

"Man keken ɗinki ne," in ji Baba. "Masu ɗinki suna ɗiga shi a inda suke ajiye allurai don kada su yi tsatsa. Mutum kuwa ba ya zuba allurai a kan maganinsa. Wannan kwalbar ta daɗe da ƙarewa, har mai ita ya samo mata wani aikin. Da ranar zuwa ta yi, ya juye alluransa ya kawo muku ita." Ya dubi Farfesa. "Ranki ya daɗe, wanda ya yi wannan kwalba ɗaya ce ta zo masa babu komai. Ya rasa yadda zai ɓoye ta, shi ne ya mai da duka irinta."

Farfesa ta sauke hannuwanta. Ta juya kwalbar ta karanta lambar, goma sha bakwai.

"Wani tsoho ne tela, na bayan kasuwa," in ji Baba. "Bai taɓa fashin zuwa ba, shi ya sa ban taɓa bin sa ba. Maganin wata guda ya ƙare masa da wuri haka, kuma ranar Juma'a kun ba shi sabo. Ni yanzu ba mai laifin ne ya dame ni ba."

Goma sha bakwai namu ne, ni da Dogo.

"Ku tafi yanzu," in ji Farfesa. "Ku kira ni daga can."

*

Shagon ɗan ƙarami ne, keken ɗinki a bakin ƙofa, wandon makaranta rabin ɗinki yana lilo a jikinsa. Tsohon yana kwance a tabarma a bayan keken, 'yarsa tana masa fifita da kwali. Ta ce tun Asabar in ya miƙe sai jiri ya kwashe shi, yau da safe ma sai da ya faɗi. Ta ce watan jiya ma ya yi mako biyu a haka, ya hana a kai shi asibiti.

Baba ya tsuguna suka gaisa, sai da ya tambayi ɗinki da kasuwa tukuna.

"Malam, maganin nan yaya kake shan sa?"

"Ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Ban taɓa tsallakewa ba."

"A jikin kwalba sau ɗaya aka rubuta, Baba!" na ce wa tsohon.

"Wannan ƙananan rubutun? Ni da zare ma sai jikata ta zura min. Da sau ɗaya nake sha, watan jiya likita ya ce safe da yamma. Ranar Juma'a kuma ke da bakinki kika ce in ci gaba kamar yadda na saba."

Haka na ce. Haka nake ce wa kowa, ina murmushi, ina miƙa kwalba.

"Wane likitan?" in ji Baba.

Tsohon ya dube ni, ya dubi Baba, ya gane akwai magana. Sai ya rufe ido. "Duk fararen riguna ne, ina zan bambance?"

Ba sai ya faɗa ba. Watan jiya ranar karɓar magani ta faɗo daidai da jarrabawata. Doka ta ce ɗalibin magani ne kaɗai zai miƙa kwalba ya yi bayani, in ba ya nan a sanar da Farfesa. Ni kuwa ba na son a ce na gaza, sai na roƙi Dogo ya miƙa a madadina, na ce ai komai a rubuce yake.

Muka sa tsohon a tasi, Baba ya riƙe masa kai har asibiti. Da aka auna, jininsa ya yi ƙasa sosai, likitan da ke aiki ya ce a kwantar da shi.

A baranda Baba ya ce min, "Na ga fuskarki a shago, kin san wani abu. Ba zan faɗa a madadinki ba, 'yata. Ni iyakata in kai mutum inda sawu ya tsaya."

*

Ƙarfe huɗu Farfesa ta tara mu a zauren taro, mu goma sha biyu, da Inna mai shara, da mai gadi. Baba ya ajiye kwalbar a tsakiyar tebur. Ya yi bayanin gari da mai da jan zare, a hankali, bai kalli kowa ba. Ya ce an yi abin ne ranar Juma'a ana cikin taro, da makullin da ke aljihun rigar da aka rataye. Ya ce mai kwalbar yana kwance a ɗaki na uku, an sa masa ruwa. Daga nan ya koma ya zauna kusa da ƙofa.

Na san in na yi shiru ma maganar makulli ta sauka daga kaina, amma ban iya zama ba. Na miƙe na faɗi yadda na bar aikina watan jiya ba tare da izini ba, da abin da na ce wa tsohon ranar Juma'a. Ban ambaci suna ba, ko da yake kowa ya san da wa aka haɗa ni.

Dogo ya kifa kai a tebur. Da ya ɗago, gumi ya jiƙe masa wuyan riga.

"Ni ne, Farfesa. Watan jiya, a makon da na miƙa masa kwalbar, ina ɗakin marasa lafiya, maganin da muke bayarwa can sau biyu ne, bakina ya saba. Ranar Juma'a da ya miƙo kwalbar na girgiza na ji shiru, na tambaye shi, ya ce ai yadda na ce masa yake yi. Na so in gyara masa a take, wallahi na so, sai na ga layi a bayansa, ga abokiyar aikina nan a gefe. Na ce zan kira shi a waya, kuma na kasa." Ya juyo wajena. "Ki yafe ni. Ban zaci a kanki zai faɗa ba."

"A kan wa ka zaci zai faɗa?" in ji Inna mai shara. "A kaina?"

Farfesa ta buɗe durowa ta zaro takarda guda, ta ɗaga mana ita.

"Kun san wannan? Ta rahoton kuskure ce, rabin shafi. Ni na cike irinta sau uku a rayuwata, kuma ga ni a gabanku. Da ka cike ta ranar Juma'a, da na zaunar da kai mun gyara, dattijon nan bai kwana uku yana faɗuwa ba. Kuskuren ba shi ne zai kai ka gaban kwamiti jibi ba, ɓoyewar ce." Ta miƙa masa takardar, ta zaro wata ta miƙo min. "Ke ma cike taki. Za ki sha gargaɗi a rubuce, amma kina nan. Laifina ni ma zan rubuta, da na bar ku kuna sallamar mutum ba ku sa ya maimaita muku abin da ya ji ba."

Ta ce watan ƙarshe ya tafi, za mu rubuta a rahoto cewa ya tafi, da dalilin tafiyarsa. Da muka fito Gimbiya ta miƙo min biro, na karɓa na ce na gode, kuma har zuciyata na faɗa.

*

Washegari da safe na tare Baba yana shirin tayar da babur, takardar sunayen waɗanda suka yi fashi tana aljihunsa. Duk kalmomin da na tsara suka gudu, sai na durƙusa kawai na ce Allah ya saka masa da alheri. Ba sunana kaɗai ya wanke ba. Da ba don hancinsa ba, da ina can ina kukan makulli, mutum yana shago yana shan abin da na ce ya ci gaba da sha.

"Tashi, tashi, kada a ce na fara karɓar gaisuwar Farfesa," ya ce yana dariya. "In godiya kike son yi, mai ita yana ɗaki na uku."

Na tarar da Dogo a can, a tsugune gaban gado, idanunsa jajur. Tsohon ya zauna ya jingina da matashi, fuskarsa ta washe, yana ce wa Dogo ya tashi haka nan, shi ma ya taɓa yanka wa ango riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Na gaishe shi, na tambayi abin da ya kwana yana cin raina.

"Baba, mako biyu kana jiri watan jiya. Me ya hana ka daina, ko ka zo ka faɗa mana?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Ranar da aka ɗauke mu, ba ce mana aka yi karatunku ne ba? Na ga kuna ta rubuce-rubuce, na ce in na daina sha ko na kawo ƙara, sai a ce aikin yaran nan bai yi kyau ba, a kayar da ku. Jiri ne kawai, na ce zan daure zuwa ku gama."

Wata biyar ina kiransa goma sha bakwai. Na juya baya na goge fuskata, na jawo kujera na zauna kusa da shi, na ɗauko sabuwar kwalbar.

"Baba, daga yau in ka ji ko da ciwon kai ne, ka zo ka faɗa, faɗar ita ce taimakon. Yanzu gaya min da bakinka, in likita ya ce ka koma sha, yaya za ka sha?"

Ya ɗaga yatsa ɗaya. "Ɗaya, da safe. Shi ke nan." Ya ɗan leƙo fuskata. "Na ci?"

"Ka ci, Baba," na ce.